Soson teku ba shi da ƙwaƙwalwa, me yake yi da kinaz masu yawa haka?

Ɗiyar Ader: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Taimako nake nema. An ba ni jigon da zan gabatar gaban malamai ƙarshen wata, nan jami'ar Abdou Moumouni: anzim, wato sinadaran jiki masu gudanar da aiki, waɗanda ke gyara furotin a jikin soson teku, da yadda suka samo asali. Karatu kam na yi, amma akwai inda na cije. Dabba ce ba ƙwaƙwalwa, ba jijiya, ba hanji, ko tashi ba ta yi daga inda ta manne. Amma da aka karanta ADN ɗinta, wato kundin bayanan halittarta, sai ga anzim da ake kira kinaz iri-iri, dangin waɗanda ke aiki a jikinmu. To me take yi da su? In wani malami ya jefo min wannan tambaya ban san ta inda zan kama ba.

Alhajin Babbar Kasuwa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ikon Allah! Ƙasar da ba ta da teku ko taki guda, an rasa abin da za a ba yara su karanta sai soson teku? Mu dai mun san soso a danga yake yaɗo, a sayo na dala ashirin a yi wanka.

Mushe SVT mai ritaya: Alhaji, wancan tsiro ne, dangin duma. Wanga dabba ce, kuma irinta da anka ba suna sun wuce 9,000. Jikinta duk ƙofofi ne ƙanana. A ciki akwai ƙwayoyin halitta masu kwala da wutsiya, suna kaɗa wutsiyar dare da rana, ruwa na shiga ta ƙananan ƙofofi yana fita ta babbar, su kuwa suna tace bakteri suna ci. Abincin ke nan, numfashin ke nan.

Ɗiyata, kafin ki shiga sunayen anzim, ki fara ba malaman naki labarin Wilson. A 1907 wani Ba'amurke mai suna H. V. Wilson ya matse soso ta cikin ƙyallen siliki har ƙwayoyin jikinshi sunka rabu ɗaya-ɗaya, ruwan ya yi dumu-dumu. Da ya bar su sai sunka riƙa rarrafe suna neman juna, sunka dunƙule, sunka sake gina ɗan soso mai rai. Ƙwayar da ke gane ƴar'uwarta, ta manne mata, ta san inda za ta zauna, ta san lokacin da za ta daina rabuwa, dole akwai saƙon da ke shiga cikinta daga waje. Rabin amsarki ke nan.

Ɗiyar Ader: Na gode Baba Mushe. Wannan zai shiga shafin farko.

Alhajin Babbar Kasuwa: To ni a yi mani bayanin kinaz ɗin da Hausa, in ba haka ba in koma shago.

Lokotoro Yamai: Zauna Alhaji, ba wuya. Jiki yana ƙera furotin, amma furotin da aka gama ƙerawa ba kullum yake aiki ba. Akwai anzim da aikinsu shi ne su taɓa shi bayan an gama. Wani ya yanke masa yanki, wani ya liƙa masa sukari, wani ya rataya masa ɗan ƙaramin furotin da ake kira ubikitin don a kai shi a niƙe. Kinaz shi fosfat yake liƙawa. Yana ciro shi daga ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashin ƙwaya, ya ɗora a kan ɗaya daga amino asid uku, wato tubalan furotin: serin, tireyonin ko tirozin. Da fosfat ya hau sai siffar furotin ta ɗan canza, ya kama aiki ko ya tsaya. Wani anzim kuma, fosfataz, ya zo ya cire. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan a Siyatil cikin shekarun 1950, suna binciken yadda tsoka ke fito da sukarin da ta ajiye, aka ba su kyautar Nobel a 1992. Ɗan adam yana da kinaz 518 bisa ƙidayar 2002, 90 daga ciki masu liƙawa a kan tirozin ne. Waɗannan 90 ɗin su ne abin lura, don yawancinsu saƙon tsakanin ƙwaya da ƙwaya suke ɗauka: girma, rabu, tsaya, matsa can. Insulin ma ta hanyar irinsu yake isar da saƙonsa.

Alhajin Babbar Kasuwa: Fosfat irin na Tahoua da ake sa wa gona?

Lokotoro Yamai: Sinadarin ɗaya ne Alhaji. Gero ya sha daga ƙasa, ka ci tuwo, ya shiga jikinka.

Ɗiyar Ader: Ga yadda na tsara nawa, ku duba min. A 2010 aka fitar da cikakken ADN na soso mai suna Amphimedon queenslandica, daga tekun Ostareliya. An samu kinaz na tirozin, an samu jen, wato sassan ADN masu ba da umarni, na manne ƙwayoyi, da na kashe ƙwayar da ta lalace. Yis ɗin burodi kuwa, mai ƙwaya ɗaya, ba shi da ainihin kinaz na tirozin. Sai na rubuta cewa dabbobin farko, irin su soso, su suka fara samun waɗannan anzim, kuma da su ne suka iya zama jiki mai ƙwayoyi da yawa.

Ɗan Labo (Mompeliye): Ƙanwata, goge jimlar nan ta ƙarshe tun kafin wani ya gani. Haka aka ɗauka da, amma 2008 ta ƙarasa rushe shi.

Akwai wasu halittu masu ƙwaya ɗaya tak a ruwa, kowanofilajele. Kwala da wutsiya gare su, sak ƙwayoyin da Baba Mushe ya kwatanta a cikin soso. Tun shekarun 1860 Henry James-Clark ya lura da kamar. Su ne dangi mafi kusa da dabbobi a cikin abin da ke raye yau. A 2008 aka karanta ADN na ɗaya daga cikinsu, Monosiga brevicollis, aikin da Nicole King ta jami'ar Barkili a Amurka ta jagoranta. Da aka ƙirga kinaz na tirozin nata sai aka samu 128. Mu 90, ita 128, alhali ba ta da wata ƙwaya ta biyu a jikinta da za ta aika wa saƙo. Ke nan kayan aikin sun riga dabba zuwa duniya. Mai ƙwaya ɗaya ma tana bukatar jin abin da ke kewaye da ita: abinci, gishirin ruwa, bakteri. Soso gado ya ci.

Ɗiyar Ader: Innalillahi. To Yaya me ya rage min in faɗa? Jigon gaba ɗaya a kan wannan na ɗora shi.

Ɗan Labo (Mompeliye): Abin da ya rage ya fi wanda kika goge daɗi. Bari in ba ki anzim guda ki bi shi tun daga farko, ya fi ki jera sunaye talatin.

Sunansa Src. A 1911 Peyton Rous ya nuna cewa akwai ƙwayar birus da ke sa wa kaji ciwon daji. Shekaru sittin da wani abu bayan nan wasu masana biyu, Bishop da Varmus, suka gano cewa jen ɗin da birus ɗin ke ɓarna da shi ba nasa ba ne, na kazar ne ya ɗauke, kuma mu ma muna da shi lafiya lau. Shi ne Src, kinaz na tirozin. To me ya sa namu ba ya sa ciwo, na birus yana sawa? A wutsiyar Src namu akwai tirozin guda. Wani kinaz mai suna Csk yana liƙa fosfat a wurin, sai Src ya naɗe kansa ya yi shiru har a bukace shi. Na birus ya rasa wannan yanki na wutsiya, don haka ba mai tsayar da shi. Kabu-kabu ne da maƙura a buɗe, birki ya tsinke.

A 2006 masu bincike a Japan suka ɗauko Src da Csk daga wata kowanofilajele, Monosiga ovata, da kuma daga soson ruwan daɗi, Ephydatia fluviatilis, suka gwada. Duka biyun suna da Src, duka suna da Csk. Amma a mai ƙwaya ɗaya, ko Csk ya liƙa fosfat ɗin, Src bai cika yin shiru ba. A soso kuwa birkin yana kamawa kamar namu. Wannan shi ne abin da zan so ki tsaya a kai. Ƙwayar da ke zaune ita kaɗai, in ta rabu ba ƙaƙƙautawa riba ta ci. Wadda ke cikin jiki, in ta yi haka ta kashe kowa har da kanta. Abin da ya ƙaru a zamanin dabbobin farko shi ne iya tsayar da anzim, da ɗaura shi a kan saƙon maƙwabta.

Lokotoro Yamai: Tony Hunter ne ya fara ganin fosfat a kan tirozin a 1979, ki sa shi, malamai na son shekaru.

Malam Ladan: Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu ban ce komai ba. Ilimi ne mai kyau, kuma duk wanda ya dubi wannan tsari ya san akwai Mai tsarawa. Amma kalmar nan ta gado da dangi da kuke ta maimaitawa, ina take kai mu? Yau soso ya gaji mai ƙwaya ɗaya, gobe a ce mu mun gaji soso. Yarinya ce ƙarama, kada a ɗora mata abin da zai taɓa aƙidarta. Ku ce sun yi kama, ya isa.

Ɗan Labo (Mompeliye): Allah gafarta Malam, ba wanda ya ce soson yau kakan wani ne. Shi ma shekarunsa miliyan ɗaruruwa yana tasa tafiyar. Amma in na ce kama kawai, na rage gaskiyar abin da aka auna. Kamar tana da tsari. Jerin amino asid na Src ɗin mutum ya fi kusa da na kaza, na kaza da mutum sun fi kusa da na kifi, haka har a kai soso, sannan kowanofilajele. In ka ɗauki wani anzim dabam ka jera, yawanci tsarin nan ne zai sake fitowa. Shi ne masu wannan fanni ke kira dangantaka, kuma da shi suke aiki kullum.

Malam Ladan: Magini ɗaya ma gine-ginensa na kama da juna bisa tsari.

Mushe SVT mai ritaya: Malam, shekarun da na yi ina koyar da wanga darasi a lise, ban taɓa ganin yaron da ya bar salla saboda shi ba. Ɗiyar nan an tambaye ta abin da masana sunka auna da abin da sunka fahimta daga awon. Ta faɗe shi daidai yadda yake, amana ce. In ta murɗe shi don ta faranta mana, malamanta za su kayar da ita, kuma suna da gaskiya.

Malam Ladan: Ban ce ta murɗe ba Mushe. Na faɗi nawa, Allah ya sa mu dace.

Mai Kula da Zaure: Amin. Iyayenmu a yi haƙuri, wannan muhawarar mun yi ta bara har mutum biyu suka fita. A koma kan tambayar yarinya.

Hajiya ta Farmasi: Ni bari in amsa wa Alhaji, don tambayarsa ta farko ba a amsa ba, kuma ba wasa ba ce. Me ya haɗa mu da teku? Kantin magani. Akwai sankarar jini da ke faruwa in kuromozom na 9 da na 22 suka yi musayar yanki, sai a samu kinaz mai suna BCR-ABL wanda ba ya tsayawa. Maganin imatinib, da aka amince da shi a 2001, toshe wannan kinaz ɗin yake yi, kuma ya mayar da cutar da ke kisa cikin ƴan shekaru ta zama wadda ake rayuwa da ita ana shan ƙwaya. Wannan ba daga soso ya fito ba, amma ilimin birkin nan ne. Wanda ya fito ta hanyar soso shi ne sitarabin, da ake ba masu sankarar jini tun 1969, an ƙera shi ne bisa sinadaran da aka samu a wani soson tekun Karebiyan. Sai eribulin na ciwon dajin nono, 2010, daga sinadarin soson Japan Halichondria okadai.

Kuma ɗiyata, wannan soson na Japan ya shafi jigonki kai tsaye. Daga jikinsa aka fara ciro asid okadayik a 1981. Guba ce da ke toshe fosfataz, masu cire fosfat ɗin nan. Duk labo da ke binciken kinaz a duniya ya san ta, da ita ake hana fosfat sauka don a ga abin da zai faru. Akwai ta biyu, kalikulin A, daga soso Discodermia calyx, 1986. Ashe soso ya san anzim ɗin nan har ya ƙera makamin kashe su a jikin mai son cinsa.

Ɗan Labo (Mompeliye): Hajiya a gafarce ni, magungunan duk haka ne, amma jimlar ƙarshe akwai gyara. Ba soso ke ƙera su ba. Asid okadayik wasu ƙananan halittun ruwa ne ke yin ta, dinofilajele, soso tacewa ya yi ta taru a jikinsa. Ita ce ma ke sa zawo ga wanda ya ci kawar teku da ta tara ta. Kalikulin kuwa bakteri ne mazauna cikin soson, Entotheonella, aka tabbatar a 2014. Abin burgewa a nan shi ne yadda ake ajiye ta: da fosfat liƙe a jikinta, a haka ba ta da kaifi sosai. Sai an ji wa soson rauni, wani anzim ya cire fosfat ɗin, nan take gubar ta tashi a daidai inda aka ciza.

Hajiya ta Farmasi: To ai ka ƙara min hujja ne ɗana. Ko waye ya ƙera, a gidan soso ake ajiya, shi ake karewa.

Ɗan Labo (Mompeliye): Haka ne Hajiya, amma in ana maganar asali dole a raba, jen na bakteri tarihinsa dabam. Ƙanwata, in sun tambaye ki misali mafi ban mamaki na gyaran furotin a cikin soso, shi ma na bakterin nan ne. Politeyonamid, daga soso Theonella swinhoei. Ɗan gajeren furotin ne, amino asid bai kai 50 ba, amma anzim bakwai kacal suna yi masa gyara kusan 50. Ɗaya daga cikinsu shi kaɗai yana juya amino asid 18 daga siffar hagu zuwa ta dama. Sakamakon wani siririn bututu ne da ke huda fatar ƙwaya. Ƙungiyar Jörn Piel ce ta warware shi a 2012. Ki ambata a shafi guda ki wuce, ki faɗa a fili cewa na baƙon ne, ba na mai gida ba.

Mushe SVT mai ritaya: Tunda kowa ya kawo nashi, ga nawa, kuma wanga na soson ne da kanshi. Yawancin soso suna da ƴan allurai na gilashi a jiki, su ne ƙashinsu. Mu sai mun hura wuta mai tsanani muke narka yashi mu yi gilashi, shi kuwa cikin ruwan sanyi yake yi. A 1998 a Kalifoniya, ɗakin binciken Daniel Morse ya ciro furotin da ke tsakiyar allurar, anka sa mashi suna silikatin. Da anka duba jerinshi sai ga shi ɗan gidan katepsin L ne, anzim mai yanka furotin, wanda mu ma muke da shi cikin ƙwayoyinmu yana narka tsofaffin furotin. A daidai bakin aikin, inda katepsin ke da amino asid sisteyin, silikatin na da serin. Jen ya kwafu biyu, guda ya ci gaba da yanka, gudan ya sauya ya koma gini. In ana son a nuna ma ɗalibi yadda sabon aiki ke fitowa daga tsohon anzim, ban san misalin da ya fi wanga ba.

Kuma Alhaji, batun ba mu da teku. Farar ƙasar da ake haƙa a Malbaza ana siminti, a ƙarƙashin teku ta kwanta, wajen shekara miliyan 60 da sunka wuce. Duwatsun Ader cike suke da bawon halittun ruwan gishiri, yaranmu na tsintar su. Soso kuwa ya girmi wannan tekun nesa, burbushinshi ya haura shekara miliyan 500. Sannan akwai na ruwan daɗi, iri sama da 200 a duniya. A Mali masu tonon tarihi sun samu alluran soso cikin yumɓun tsofaffin tukwane na yankin kogin Isa.

Alhajin Babbar Kasuwa: Yau na ji abin da ya fi ƙarfina. Simintin da nike saidawa ashe ƙasan teku ne. Mushe ka ci bashin shayi.

Ɗiyar Ader: Saura abu ɗaya da ke damuna. Na rubuta soso ne reshen da ya fara rabuwa da sauran dabbobi. Sai na ga wasu na cewa a'a, kitenofor ne, masu kama da jelin ruwa ɗin nan.

Ɗan Labo (Mompeliye): Rigima ce tun 2008, kuma masana na ji da ita. A 2023 wani aiki da ya dubi yadda jen ke zaune tare a kan kuromozom ya goyi bayan kitenofor, masu goyon soso kuma ba su ajiye makamai ba. Ki ce ɗaya daga rassa biyu mafi daɗewa, ki ambaci saɓanin da jimla guda. Hujjarki ba ta rataya a kansa ba, tunda kwatancinki tsakanin mai ƙwaya ɗaya ne da dabba. Ko wanne ya riga, kinaz na tirozin sun girme su duka.

Lokotoro Yamai: Ni shawarata ki rage. Minti nawa aka ba ki?

Ɗiyar Ader: Goma sha biyar, Kawu.

Lokotoro Yamai: To Wilson, ma'anar kinaz da fosfataz, 90 da 128, Src da Csk, silikatin. Magungunan Hajiya ki riƙe su a aljihu, don tambayar me zai amfane mu a Nijar sai ta zo.

Hajiya ta Farmasi: A aljihu? Su ya kamata ta buɗe da su, Lokotoro. Malaman nan rabinsu barci suke sai sun ji sunan cuta.

Lokotoro Yamai: Hajiya jigon asali ne, ba magani ba.

Ɗiyar Ader: Zan gwada duka biyun gaban ƙawayena in ga wanda ya fi tafiya. Yaya, don Allah turo min takardar 2006 ɗin ta Japan, rezo ɗinmu ya ƙi buɗe ta. Baba Mushe, na ruwan daɗin nan, a ina ake neman irinsu in mutum na son ya gani da idonsa?

Mushe SVT mai ritaya: Ƙarƙashin duwatsu da jikin itacen da ya daɗe cikin ruwa. Ki bari sai ruwan kogi ya ja baya, wajen watan Mayu, ki samu masunta su raka ki, kada ki tafi ke ɗaya. Abin kamar ɓawon burodi yake a manne, mai kaushi, wani lokaci kore. In kin ga mai ƴan ƙwallaye kamar ƙwayar gero a ciki, su ne yake tsallake rani da su. Kada ki murza da hannu tsirara, alluran na sa ƙaiƙayi. Ki sa a kwalba da alkol ki kai labo.

Ɗan Labo (Mompeliye): Na tura miki ta akwatinki. Hoto na uku da na huɗu za ki fi bukata.